Shekarar da Na Daina Ninke Kaya

Ku 'ya'yana kun daɗe kuna tsokanata a kan abu biyu. Na farko, wai ɗakina ya koma shagon gwanjo irin na Titin Koudoukou, tunda ba na ninke tufafi, komai sai na rataye shi a ƙusa, har da sallaya. Na biyu kuwa ba wasa ba ne ko da kun faɗe shi da dariya: kun ce na fi son autarku Hauwa. Babbanku bai taɓa furtawa a gabana ba, shi mai kawaici ne kamar ubansa, amma Bashir ya faɗa mini ƙiri-ƙiri, ya ce in Hauwa ta yi atishawa sai in ɗauki mayafi, shi kuwa ko zazzaɓi ya kayar da shi sai in ce ya sha ruwa ya kwanta. Abin da idonku ya gani gaskiya ne. Abin da ba ku sani ba shi ne abubuwan nan biyu tushensu ɗaya, kuma shi zan rubuta muku yanzu tunda hannuna bai fara rawa sosai ba.

Kun san na taɓa aikin asibiti, amma ba ku san wane iri ba. Wani ƙaramin asibiti ne tsakanin unguwarmu ta Kilomita Biyar da unguwar Miskine, yana da na'urar ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji, wanda a nan Bangui kowa ke ce wa radiyo. Mai kula da na'urar Misye Alfons ne, mutumin Miskine, dogo mai yawan fito. Matsalarsa matan unguwarmu. Mace ta shigo, ya ce ta cire mayafi da sarƙa da laya, ta tsaya ta manna ƙirji a allo, sai ta ɗaure fuska ta juya gida da tarinta. Shi ya sa aka ɗauke ni. Ina jin Hausa da Sango da Faransanci, ina ɗan taɓa Larabcin mutanen Cadi, kuma kowa ya san gidanmu. Ni nake shiga da mace, in ja labule, in lallashe ta, in riƙe mata kafaɗa. In yaro ne in danne masa ƙafa, in tsohuwa ce in tallafe ta kada ta faɗi. Misye Alfons sai ya koma bayan katanga mai ɗan gilashi, ya ce kada a numfasa, ya danna. Ni kuwa ina nan tsaye kusa da teburin. Shekara tara na yi a haka, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son aikin, don in na ratsa kasuwa har tsofaffi ke ce mini likita.

Abin da ke kare ni daga hasken na'urar, wanda ido ba ya gani kuma jiki ba ya ji, riga ce guda ɗaya mai dalma a cikinta, daga wuya zuwa gwiwa. Tana da nauyi kamar ka goya yaron yaye ta gaba. Ranar da na fara aiki na tarar da ita yashe a kan kujera, hannu ɗaya a ƙasa. Ni kuwa 'yar Inna ce. Kakarku Inna atamfa take sayarwa a kasuwar Kokoro, kuma a wurinta macen da ta rataye tufa ko ta jefar da ita ƙazama ce, ba ta da tarbiyya. Tun ina ƙarama take buge mini hannu in na ninke zane baki bai haɗu da baki ba. Saboda haka kullum in an tashi aiki sai in goge rigar nan, in ninke ta biyu, in sake ninkewa, in ɗora mata babban littafin sunayen marasa lafiya don ta kwanta lumui. Misye Alfons har yabona yake yi. Yakan ce tun da na zo ɗakin ya zama ɗakin mutane.

A shekarar da nake ba ku labari, na riga na yi ɓari sau biyu bayan Bashir. Sai Allah ya sake ba ni ciki. Misye Alfons ya taɓa ce mini duk ranar da na samu ciki in gaya masa, ya nemi wata ta riƙe masa marasa lafiya. To, amma ta ina zan fara? Ko Inna da ta haife ni ban iya buɗe baki na gaya mata ba, balle namiji, abokin aiki, in tsaya a gabansa in ce ina da juna biyu. Mu ba haka aka rene mu ba, ciki shi ke faɗin kansa in ya fito. Na kuma ce wa raina ai ga rigar dalma, katanga ce. Haka na ci gaba da tsayuwa kusa da tebur, wata ɗaya, wata biyu, har wata huɗu.

Ranar wata Laraba da hantsi wata likita ta zo mana. 'Yar ƙasar nan ce da ta yi karatu a waje, tana zagaya ɗakunan radiyo na cikin gari, tana duba na'urori tana ɗibar jinin ma'aikata. Gajeriya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta duba katanga, ta duba ƙofa, sai idonta ya faɗa kan wata kanta inda rigar take kwance ƙarƙashin littafi.

"Wa ya ninke wannan?" in ji ta.

Na matso ina murmushi, don na zaci yabo ne zai biyo baya. Na ce, "Ni ce, Madam."

"Yau kaɗai, ko kullum?"

"Kullum, tun da na zo."

"Shekara nawa ke nan?"

"Tara."

Ta ɗaga littafin, ta warware rigar a kan teburin da muke kwantar da marasa lafiya, ta sa fim a ƙarƙashi, ta ce mu duka mu koma bayan katanga. A shekara tara, ran nan na fara ganin ɗakin ta cikin gilashin nan. Ta ɗauki hoton rigar kamar mutum. Da Misye Alfons ya wanke fim ɗin ya manna shi a allon fitila, sai fitonsa ya ɗauke. Likitar ta yi mini bayani a hankali: duk inda ya fito fari, dalma ta tare hasken, inda ya fito baƙi kuwa, hasken ya wuce. Na duba. Ga baƙin layi ya sauko daga wuya har ƙasa, ga wani ya gitta shi daga gefe zuwa gefe, daidai inda nake ninkewa. Inda suka haɗu dalmar ta farfashe, rami ya buɗe, zai kai faɗin babban yatsa. Ba sai an gaya mini inda wurin nan yake sauka a jikina ba. Hannuna da kansa ya je ya dafe cibiyata.

Likitar ta ga hannun. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Wata nawa?"

Na sunkuyar da kai, don Misye Alfons yana tsaye. Ta sake tambaya, wannan karon da Sango, da murya ƙasa-ƙasa. Na ɗaga yatsu huɗu.

"Nzapa!" in ji Misye Alfons, wato Allah da Sango, ya kama kansa da hannu biyu. "Ita Asabe, ban ce ki gaya mini ba? Ban ce ba?"

Ita a bakinsu 'yar'uwa ke nan, haka yake kirana. Na zauna a kujerar da na fara tarar da rigar a kai. Likitar ta ce dalmar cikin irin rigar nan ba ta son lanƙwasa, rataye ta ake yi, kuma laifin wanda bai koya mini ba ne. Na ji ta, amma maganar ba ta shige ni ba. Hannuna ne ya yi, kullum, da kyau, baki ya haɗu da baki. Ta ɗebi jinina a ƙaramar kwalba, ta ce a nan ba a iya binciken, sai an kai wata ƙasa, kuma zai ɗauki lokaci. Ta ce daga yau kada in sake shiga ɗakin.

Ban hau mota ba. Na tako da ƙafa cikin rana har Titin Koudoukou, ina tafe ina jin kamar kowa ya san abin da ke jikina. Mata biyu suka gaishe ni da likita, ban san abin da na amsa musu ba. Babanku, Allah ya jiƙansa, yana shagonsa na fenti da ƙusa yana auna wa wani kafinta kaya. Ban taɓa zuwa shagon da rana tsaka ba, don haka da ya gan ni ya sallami mutumin, ya ja mini benci zuwa ciki. A nan, tsakanin gwangwanayen fenti, na gaya masa cikin da kuma rigar a numfashi ɗaya.

Ya zauna kusa da ni. Sannan ya ce, "Likitar ta ce abin ya taɓa shi?"

Na ce, "Ba ta ce ba, Malam."

"Ta ce bai taɓa shi ba?"

"Shi ma ba ta ce ba."

"To, mu ma kada mu ce. Mu jira. Amma abu ɗaya, Asabe, kada Inna ta ji. In ta san ninkin da ta koya miki ne, ba za ta sake barci ba."

Na yarda. Muka ce wa kowa ciki ne ya hana ni aiki, bayan haihuwa kuma muka ce reno ne. Daga ranar ban sake taka asibitin ba. Matan unguwa sun yi ta zuwa gida, wata da tarin mijinta, wata da ɗanta mai ciwon ƙugu, suna roƙona in raka su ko sau ɗaya. Ina ƙi. Wata dattijuwa ta ce mini a tsakar gidana na samu wuri na manta da mutane. Na san akwai waɗanda suka fasa zuwa hoto saboda ba na nan, kuma har yau ina tuna fuskokinsu.

Wata ukun da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Tsoro kam na san shi, na ɓarawo, na ciwon yaro, har na harbin bindiga da muka sha daga baya a unguwar nan. Duk waɗannan kana iya rufe ƙofa ko ka gudu. Wannan kuwa a cikina yake, tare muke cin abinci, tare muke sallah. In jaririn ya motsa sai in ce ko ciwo yake ji. In ya yi shiru rabin yini sai in sha ruwan sanyi in kwanta in jira, gumi yana keto mini. Na fara kallon 'ya'yan mutane a hanya yadda bai kamata ba, ina duba kawunansu da hannayensu. Ɓarin nan biyu da na riga na sallama wa Allah suka dawo mini sababbi, ina tambayar kaina ko su ma ta ramin nan suka tafi. Babu wanda ya taɓa ba ni amsar wannan, har yau.

Da ciki ya kai wata bakwai Inna ta taso daga Kokoro ta tare a gidanmu, da ƙullin kayan jariri da ta ɗinka da hannunta. Wata safiya na fito na tarar da ita a kan tabarma tana ninke 'yan rigunan, ɗaya bayan ɗaya, tana danne kowace da tafin hannu kamar yadda nake danne waccan. Ban san lokacin da na fizge su ba. Na warware su duka, na watsa a kan igiyar shanya.

"Ke Asabe, lafiyarki kuwa?" in ji ta.

"A bar su haka, Inna."

"A bar su haka kamar kayan mahaukaciya? Ni na haife ki ko wata? Wannan aikin na Nasara ya cinye miki tarbiyya."

Na shige ɗaki na toshe bakina da zane don kada ta ji kukan. Babanku yana alwala a bakin rijiya, ya ga komai. Da la'asar ya dawo daga shago da ƙusa cike da aljihu da guduma, ya bi bangon ɗakina yana kafawa a jere. Inna tana tsaye a ƙofa tana salati, tana cewa gidan nan miji da mata duk sun taɓu. Ƙusoshin da kuke yi wa dariya ke nan. Inna ta rasu tana ganin na watsar da abin da ta koya mini don raini, kuma ban taɓa gyara mata wannan zaton ba. Wannan yana cikin abubuwan da suka fi yi mini ciwo.

A makon nan ne likitar ta aiko a kira ni. Na same ta a wani ofis cikin gari, babanku yana jira a waje. Ta ajiye mini takarda mai hoto, wasu 'yan gutsattsarin zare baƙaƙe, bibbiyu, kowanne da ɗauri ɗaya a jikinsa. Ta ce sunansu kuromosom, suna cikin ƙwayoyin jikin kowane mutum, kuma a jikinsu aka rubuta yadda za a gina shi, tun daga launin ido har yawan yatsu. Sai ta sa bakin biro a kan wani mai ɗauri biyu, da wani ɗan guntu da ya ɓalle yana gefe shi kaɗai. Ta ce hasken na'ura ne ke tsinka su haka, su kuma sake haɗuwa a karkace, kuma an ga irinsu a jinina fiye da yadda ake gani a jinin wanda bai yi wannan aiki ba.

Na ce, "Madam, jaririn fa?"

Ta ce, "Wannan jininki ne, ba nasa ba. Yana nuna hasken ya shige ki, ba ya nuna abin da ya yi. Mata da yawa sun tsaya inda kika tsaya sun haifi 'ya'ya lafiya lau, kuma na fi zaton haka za ki yi."

"Zato kike yi, ko kin sani?"

Ta dube ni ido cikin ido. "Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"In ya zo lafiya, shi ke nan an tsira?"

Ta ce galibi haka ne, amma wani abin ba ya nuna kansa sai bayan shekaru, a jikina ko a nasa, don haka in riƙa zuwa ana duba ni, shi ma in sa masa ido. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, na sani. Amma kalmar nan ta in sa masa ido ita ce ta zauna mini a ƙirji, kuma ba ta ce ga ranar da zan daina ba.

Hauwa, ranar Juma'a da safe aka haife ki, ana ruwa. Ungozoma ta ce mace ce, kin kuma tsala kuka, Inna ta rangaɗa guɗa. Ni ban yi murna ba tukuna. Na ce a miƙo mini ke kafin a yi miki wanka, da jini da komai. Na ƙirga yatsun hannu, na ƙirga na ƙafa, na buɗe bakinki na duba ganda, na juya ki na bi ƙashin bayanki da yatsa tun daga wuya har ƙasa. Na sake ƙirgawa. Inna ta ce, "Wai sayen ta za ki yi ne?" Kowa ya yi dariya. Komai naki cif yake. Na ce alhamdu lillahi, na ɗauka tsoron zai fita tare da mabiyiya, ashe zama ya zo yi.

Kin yi rarrafe a kan lokaci, kin yi magana har kin fi kowa surutu, Sango ma ya fi Hausa zama a bakinki. Duk da haka in kika kwana da zazzaɓi sai in ga baƙin layin nan a bango. In kika ƙuje sai in zauna ina kallon ko jinin zai tsaya. In kika ce kin gaji sai in ja fatar idonki in duba. 'Yan'uwanki suna gefe suna kallo, suna ganin so ne. Ba so ne ya fi ba, wallahi, ku uku ɗaya kuke a raina. Ku biyun na haife ku ina da tabbacin ban cuce ku ba, ita kuwa ban taɓa samun wannan tabbacin ba.

Bashir, kai ma abin ya shafe ka ta wata hanya. Ranar da ka faɗo daga mangwaro ka karye a hannu, babanku ya ce a kai ka radiyo, na ƙi, na kai ka wurin mai ɗori. Na fi kowa sanin hoto ɗaya ba ya cutar da yaro, na sha gaya wa uwaye haka da bakina. Amma ƙafata ta ƙi zuwa ƙofar ɗakin. Hannunka da ba ya miƙewa sosai har yau, aikin tsorona ne. Ka yafe mini.

Ni dai ga ni, na tsufa, ana duba ni ba a ga komai ba. Misye Alfons ma ya ga jikokinsa kafin rikici ya raba mu da mutanen Miskine. Kwanan baya na tambayi wani matashin likita ko abin yana iya tsallake 'ya ya sauka a kan jika. Ya ce in kwantar da hankalina, bai ga dalilin tsoro ba. Kaina ya ji shi sarai, zuciyata ce ta ƙi ji. Takardar mai hoton zare tana ƙasan akwatina, wanda yake so ya gani ya ɗauka. Ita kaɗai ce abin da na ninke tun daga shekarar, don kada idona ya riƙa faɗawa a kai.

Hauwa, jiya kin zo da cikinki na fari, watanki ya kama, kin zauna a bakin gadona kina ninke 'yan riguna kina tsokanata wai in zo in koya. Na yi dariya, ban fizge ba, na dai zauna a kan hannayena. Ba na so ki ɗauki tsoron nan, nawa ne, na kuma riƙe shi shekara da shekaru don kada ya kai gare ki. Abu ɗaya kawai nake roƙo. In kin sauka, ko ina ina, a aiko a kira ni, kuma kada a yi wa jaririn wanka sai na iso. Ina so in ƙirga da kaina.